Gitar da ta shekara tana ƙugi: nazarin lamarin wani makaɗi a Damagaram

Asalin lamarin

Sana'ata ba da hayar kayan sauti ce a nan Damagaram. Ina da mikisa guda, lasifika huɗu, makirufo, tarin wayoyi, da ƙaramin gurup na fetur don ranar da kuran ya ɗauke. Saurayin da wannan bayani ya shafa ya fara ne da ɗaukar mini lasifika zuwa wuraren biki, yana ce mini kawu ko da yake babu jini tsakaninmu. A fada, wato majalisar samarin unguwa, ya koyi gita, da wata tsohuwa mai rami wadda ba ta buƙatar wuta. Yana bin kiɗan mutanen Agadas da ake turawa daga waya zuwa waya, yana kuma ɗora salon gurmi a kanta, don tun yana yaro yake jin marigayi Malam Maman Barka a rediyo.

A Nuwamba 2022 wani direba mai bin hanyar Tanut zuwa Agadas ya sauko da gitar lantarki ta hannu. Ya yi mata kuɗi jika 70 na sefa, aka tsaya a 55. Ni na ranta masa 30 a ciki, shi ya sa duk abin da aka kashe mata daga baya ya shiga littafin da nake lissafin haya, da watan da aka kashe shi.

Gitar kwaikwayon Stratocaster ce, ƙirar da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, wadda tun lokacin masana'antu ba adadi suke kwafa. Sunan da ke kanta ya goge. Jikinta katako ne cur, babu rami, an ɗaure wuyan da jikin da kusoshi 4. Daga inda tsirkiya ta tashi a kai zuwa jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin gitar, milimita 648 ne. Tana da mikoro 3 a jere, da makunni mai matsayi 5 na zaɓar wanda zai yi magana. Da yake ba ta da rami, muryarta duka daga mikoron take fitowa: maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe ta motsa a samansa, sai ɗan kuran ya tashi a cikin naɗin, waya ta kai shi ampili. Ya samu tsohon ampili wajen wani mai gyaran rediyo, ya fara bin mu biki.

Tun ranar farko tana ƙara idan an jona ta. Mun ɗauka haka gitar wuta take.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: hunturu da wuyan gita

Abin da ya fara damunsa ba ƙarar ba ce, hannunsa ne. Da hunturu ya kankama sai bakin ƙarafan da ke gicciye a wuya suka fito ta gefe kamar haƙoran zarto, har suka yanke shi a gindin ɗan ali. Tsirkiyoyin kuma suka yi sama. Da rular ɗan makaranta muka auna a ƙarfe na 12, muka samu kusan milimita 4, alhali gita mai lafiya ba ta wuce 2 a wurin.

Katako ne ya sha iska. Masu ƙera gita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a watannin hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, shi ne bakin ya leƙo. Tsirkiyoyi 6 kuma suna jan wuyan da nauyin da ya kusa kilo 40 dare da rana, ga shi yana jingine ta a bango a ɗakin kwano.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli mai kusurwa shida, ita ke riƙe wuyan kada tsirkiya ta lanƙwasa shi. Ya ga bidiyon yadda ake yi, ya aro makulli wajen mai gyaran babur, ya zauna da daddare ya murɗa zagaye ɗaya da rabi a zama guda. Ka'ida ita ce kwata, a bar shi ya kwana, a sake aunawa. Da safe tsirkiyoyi sun sauko, ya ji daɗi. Bai lura ba cewa makullin bai cika ramin ba, ya cinye kusurwoyin kan sandar. Ƙarafan gefe kuwa ya naɗe su da salatif, ya ci gaba.

Maris zuwa Mayu 2023: gwada ta da gitar aboki

A Maris wani abokinsa ya dawo daga Yamai da kwaikwayon Les Paul, baƙa mai ƙyalli. Wannan ƙirar kamfanin Gibson ce ta 1952, kuma kusan komai nata ya saɓa da tasa. Wuyanta manne yake da gam, tsirkiyarta ta fi gajarta, milimita 628, shi ya sa ta fi laushi a yatsa da kauri a kunne. Ta fi nauyi a kafaɗa ƙwarai. Mikoronta biyu ne, kowanne mai naɗi biyu, irin wanda ake kira hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa wa Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna juya wa juna baya, maganaɗisunsu ma haka, sai ƙugin da ya shigo daga waje ya kashe kansa tsakaninsu, muryar tsirkiya kuma ta haɗu ta ƙaru.

Suka kawo su shagona don a raba gardama. A gaban mikisata akwai fitilu 8 a tsaye masu nuna ƙarfin abin da ke shiga. Na murɗa maɓallin shiga zuwa wani wuri, na ɗiga masa jan farce don kada ya kuskure, na ce kowa ya buɗe foliyum ɗinsa duka, ya ɗora hannu kan tsirkiya, kada ya kaɗa. Ta abokin ta kunna fitila 1. Tasa ta kunna 5. Wannan awon, a shagon nan da wannan alamar jan farcen, shi ne na ci gaba da yi har ƙarshen lamarin.

Akwai abubuwa biyu da na rubuta a ranar ban san amfaninsu ba. Idan abokin ya ɗage hannu daga tsirkiya fitilarsa takan zama 2, ya mayar ta koma 1. Tasa kuwa ko ya taɓa ko bai taɓa ba 5 ce. Na biyu, idan ya kai makunni matsayi na 2 ko na 4, inda mikoro biyu ke aiki tare, takan sauka zuwa 4.

Duk wanda ke shagon ya yanke hukunci ɗaya, har da ni: mikoro mai naɗi ɗaya ne ke kuka, maganinsa hambaka. Ya so su yi musaya ya cika kuɗi, abokin ya ƙi. Shi ma da ya riƙe ta na kwana biyu ya dawo yana cewa, “Kawu, shirunta da daɗi, amma idan kalangu ya tashi ba na jin kaina.” Salonsa na tsinke ne, sirara-sirara kamar gurmi, ita kuwa muryarta mai kauri tana nutsewa cikin ganguna. Ga kuma tsoron ɗaukarta a kabu-kabu, don kan Les Paul a karkace yake zuwa baya, faɗuwa ɗaya kan iya karya shi.

Kafin kuɗin hambaka su taru ya gwada dabaru. Ya rufe maɓallin da ke rage kaifin murya: ƙarar ta ɗan lafa, gitar ta koma kamar ana kaɗa ta cikin bargo. A Afrilu ya sayi fedal mai ƙara wa murya kaushi, jika 12, yana zaton ƙarfin kiɗan zai danne kukan. Aikin wannan fedal shi ne ninka duk abin da ya shigo masa, sai fitilu suka tashi daga 5 zuwa 7.

Yuni zuwa Yuli 2023: hambaka daga Kano

Kano ba ta da nisa da mu, wajen kilomita 240, kuma daga can yawancin irin waɗannan kaya suke zuwa. A Yuni ya ba wani mai zuwa sari sautu, aka kawo hambaka guda, jika 18, da 2 na ɗawainiya. Ramin da ke farantin robar gaban gitar na siririn mikoro ne, sai aka kai wa kafinta ya faɗaɗa shi da kurfi da magagari, ya ɗan rarake katakon ƙasa, jika ɗaya da rabi. Shi da kansa ya cire mikoron kusa da jaki, ya sa sabon, ya narka dalma ya haɗa wayoyin yadda ya gani a hoto. Haɗin ya yi daidai, wannan na tabbatar daga baya. Tsarin ma ba baƙo ba ne: hambaka ɗaya kusa da jaki da masu naɗi ɗaya guda biyu shi ne abin da ke kan Yamaha Pacifica 112 tun daga masana'anta.

Awo a matsayi na 1, inda hambakan ke aiki shi kaɗai: fitila 4. Daga 5 zuwa 4, a kan jika 21 da rabi.

Da muka kasa kunne sai muka gane ƙarar ba iri ɗaya ba ce tun asali. Akwai ƙugi na ƙasa, mai kauri, kamar firij a ɗakin maƙwabci. Akwai kuma ziza ta sama, mai kaifi, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Hambakan ya ɗauke ƙugin, zizar tana nan daram. Ya kuma zo da nasa: murya ta dushe, domin maɓallin foliyum na irin wannan gita mai lamba 250k ne, wanda ya dace da naɗi ɗaya, hambaka kuwa an saba haɗa shi da 500k don kada kaifinsa ya tsiyaye. Matsayi na 2 da yake ɗan samun sauƙi a da, yanzu ƙugi ya dawo masa.

Ana cikin haka damina ta sauka. Katakon da ya tsuke a hunturu ya sha danshi ya kumbura, ga sandar ciki a ɗaure tamau tun Janairu. Wuyan ya koma baya, tsirkiyoyi suka kwanta kan ƙarafan farko, daga na 1 zuwa na 5 ba abin da ke fita sai zar-zar. Ya ɗauko makulli zai sassauta, makullin ya dinga zamewa a ramin da ya cinye. Don ya samu ya yi aiki sai ya ɗaga jaki sama iya tsayinsa, abin da ya gyara ƙasan wuya ya ɓata sama, sauti ya daina zama daidai daga tsakiyar wuya zuwa ciki.

Agusta zuwa Satumba 2023: aiki a kan gurup

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, aka kuma rufe iyaka. A garin nan kuran ya koma ya zo na ɗan lokaci ya tafi na sa'o'i. Kusan kowane biki a kan gurup muke yinsa, an jona fitilu da cajar wayar jama'a da kayanmu a layi ɗaya. Na kunna gurup a shago na auna: fitila 6.

Tsirkiya ma ta yi wuya. Da siririyar ta tsinke, ya warware wayar birkin keke ya zaro sili ɗaya ya ɗaura. Ba shi ya fara ba, Mdou Moctar, sanannen makaɗin gitar nan na Nijar, shi ma da wayar keke ya yi tsirkiyar gitarsa ta farko. Ta yi sati biyu tana aiki.

A wani biki a Satumba, tsakanin waƙa da waƙa zizar ta cika fili har uwar amarya ta aiko a tambaya ko lasifika ce ta lalace. Shugaban ƙungiyar da yake bi ya ce masa, cikin mutunci, ya huta tukuna sai ya gyara kayansa. Biki uku aka yi ba shi. Ya sa gitar a kasuwa jika 40, wanda ya fi kowa ya taya 25.

Oktoba 2023: wajen mai gyaran rediyo

Ampilin ne ya fara tsayawa, muka mayar wa dattijon da ya sayar masa, can wajen Kasuwar Dole. Fis ne kawai ya ƙone. Da ya canza, ya ce a jona gitar ya ji ko ya tashi. Ana jonawa ya ɗaga kai.

“Yaro, tun yaushe take wannan kukan?”

“Tun da na saye ta, Baba.”

Dattijon bai taɓa riƙe gita ba a rayuwarsa, shi da kansa ya faɗa. Ya ce ya taɓa tsirkiya. Ya taɓa, ba abin da ya canza. Ya ce ya taɓa ƙarfen kan wayar, inda ta shiga jikin gitar. Yana ɗora yatsa zizar ta faɗi kamar an rufe ƙofa. Ya ɗage, ta dawo. Sau uku ya sa shi ya maimaita. Sannan ya ɗauko mitarsa, ya sa ta a wurin da take yin ƙara idan abu biyu a haɗe suke, ya ɗora tsinke ɗaya a ƙarfen kan wayar, ɗaya a tsirkiya. Shiru.

Ya sa aka kifa ta a kan tabarma, aka kwance kusoshi 6 na murfin baya. A ciki akwai sifirin 3 da ke jan jaki, an rataye su a wani ɗan ƙarfe mai ƙugiyoyi. Kusa da shi ga wata baƙar waya ta fito daga rami tana lilo, da ɗan dunƙulen dalma busasshe a bakinta. A jikin ƙarfen ana ganin tabon inda ta taɓa zama. Ƙurar da ta kwanta a tabon ta nuna ba jiya ta rabu ba.

“Ga mas ɗinka nan a sake,” in ji shi, yana nufin wayar da ke kwashe ƙarar wuta ta kai ta ƙasa. Da aka gaya masa sunan abin da sifirin ke ja, ya yi dariya har da tari. “Ashe da gaske an bar jaki ana dukan taiki.”

Bayaninsa, da na ƙara bincikawa daga baya na samu haka yake, shi ne: jikin mutum kamar eriya yake, yana tara ƙarar wutar da ke kewaye da shi, ta fitilu da caja da wayoyin bango, kuma makaɗi yana rungume da gitar a cikinsa. Wannan baƙar wayar ita ke haɗa jaki da tsirkiyoyi da mas na ampili. Idan tana nan, da ya taɓa tsirkiya sai abin da jikinsa ya tara ya bi ta can ya wuce. Idan ta yanke, sai ya zube cikin wayoyin gitar. Hambaka ba shi da abin yi a nan, shi maganin ƙugin maganaɗisu ne, wanda ke tasowa daga taransifoma da layin kuran namu mai bugawa sau 50 a daƙiƙa.

Ya kankare ƙarfen da sampefa har ya yi fari, ya daɗe yana gasa shi kafin ya sa dalma, don ƙarfe mai kauri idan bai yi zafi ba dalma zama take a kansa ba ta kama ba. Aikin bai kai minti 10 ba. A shago na auna, hannu kan tsirkiya: hambaka fitila 1, mikoron kusa da wuya 3. Idan ya ɗage hannu su koma 3 da 4.

Saura na lokacin ɗage hannu. Dattijon ya ce rediyo ma sai an kewaye cikinta da ƙarfe, a yi wa ramukan gitar haka. Yaron ya tara takardun cikin kwalin shayi masu ƙyalli, ya kwana yana liƙawa. Da safe aka ɗora mita, shiru: ashe leda ce a samansu. Aka ɓare duka. Aka sayo takardar alminiyam ta naɗe abinci da gam na masu gyaran takalmi, jika ɗaya da rabi, aka shimfiɗe ramukan da bayan farantin roba. Gam ba ya wuce da wuta, don haka duk inda takarda biyu suka haɗu sai an naɗe bakin ɗaya ta kwanta ƙarfe kan ƙarfe, a gwada da mita. Alminiyam kuma ba ya kama dalma, sai aka ɗaure masa wayar mas da ƙaramar kusa a cikin katako. Karon farko da aka rufe gitar ta yi gum, takardar ta taɓa ƙafar makunni. Aka buɗe aka sa salatif a wurin.

Wayar da ke zuwa ampili ma aka yanka bakinta, aka samu garkuwar cikinta 'yan silalla ne jefi-jefi. Na ba shi ɗaya daga nawa, jika 5 a littafi. Awon ƙarshe na watan: hambaka babu fitila ko ɗaya da hannu, 1 ba hannu. Mikoron wuya 2, ta zama 3 idan ya fuskanci ampili, ta koma 2 idan ya juya gefe. Matsayi na 4 kuwa 1. Dattijon ya gwada da ɗan maganaɗisu ya nuna mana dalili: mikoron tsakiya a juye aka yi shi, idan ya haɗu da na wuya sai su zama kamar hambaka.

Kan sandar wuya kuma, ya samo makulli mai ɗan girma, ya goge bakinsa da magagari har ya shiga da ƙyar, ya ɗiga mai, ya sassauta kwata. Kwana huɗu muna komawa, kullum kwata. Abin awonmu guntun tsirkiya ce mai lamba 10, kaurinta kwatan milimita: a danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, idan guntun ya wuce da ƙyar a ƙarƙashinta wajen ƙarfe na 8, an kai. Aka saukar da jaki, tsayi ya koma milimita 2. Duk aikinsa jika 3 ya karɓa.

Nuwamba 2023: wuta a leɓe

Ya koma ƙungiya. A biki na biyu, yana riƙe da tsirkiya ya matsa zai amsa waƙa, leɓensa ya taɓa makirufo, kuran ya ja shi har ya ja da baya ya yi tuntuɓe da lasifika. Bai ji rauni ba, amma ya ƙarasa daren yana nesa da makirufo.

Washegari muka sake haɗa kayan yadda suke a daren, muka kira mai aikin kuran. Tsakanin tsirkiya da kan makirufo mita ta nuna bolt 96. Ampilinsa a soket ɗin gidan biki aka jona shi, mikisata tana kan gurup, kuma dogayen wayoyina duka masu sili biyu ne, ba na ukun da ke zuwa ƙasa. Wannan laifina ne, shekara da shekaru haka nake aiki. A da yankakkiyar wayar nan ce ta raba hannunsa da jikin ampili. Da aka gyara ta, duk abin da ke yoyo a ampilin ya samu hanya zuwa yatsunsa. Abin ba na wasa ba ne: a 1972 Leslie Harvey, makaɗin gitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya da ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba.

Wani a fada ya ba shi shawara ya sake yanke wayar. Mai aikin kuran ya ce a'a, a gyara inda ciwon yake. Na canza wayoyina zuwa masu sili uku, komai na kiɗa ya koma cin wuta daga wuri ɗaya. Ya haɗa mini ɗan akwati da abin yanke wuta mai miliampiya 30, ya ɗaura shi da gurup yadda ya kamata, ya gwada a gabana yana yankewa. Aka ƙara da sandar jan ƙarfe mai mita ɗaya da rabi da muke kafawa kusa da gurup. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai, sai an zuba mata ruwa bokiti biyu, abin da a Damagaram sai ka yi wa masu gida bayani kafin su ba ka. A Birni, inda dutse ke kusa, wani lokaci rabinta kawai ke shiga. Duka jika 24, daga aljihuna. Aka sake aunawa, bai kai bolt 1 ba.

Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: hunturu na biyu

Wannan karon tana kwana a jaka, a kwance, da soso mai ɗan danshi cikin gidan sabulu da aka huhhuda. Wuyan ya motsa duk da haka, amma kwata ɗaya a Janairu ya ishe shi. Da bushewa ta kai ƙarshe a Fabrairu, aka rufe katakon da salatif aka goge bakin ƙarafan da ƙaramin magagari, tun daga nan ba su sake fitowa ba.

A Maris 2024 aka buɗe iyaka, tsirkiya ta samu. A watan ne kuma ya cire hambakan ya mayar da tsohon mikoronsa, ya toshe faɗin ramin da robar da ya yanko daga farin bido. Awo a matsayi na 1 ya tashi daga babu zuwa 2. Ya sayar da hambakan jika 10, fedal ɗin jika 7.

Abin da lissafin ya nuna

A fitilu 5 na farko, hambaka ya ɗauke 1. Wayar mas ta ɗauke kusan duk sauran, takardar alminiyam da sabuwar waya suka share abin da ke fitowa idan an ɗage hannu. Hambaka da fedal da aikin kafinta sun ci jika 33 da rabi, an maido 17. Dalma da alminiyam da waya da ladan dattijo sun ci 9 da rabi.

Gwajin da muka yi a Maris 2023 shi ya ɓatar da mu, kuma ni na shirya shi. Mun ɗora gita biyu da suka bambanta ta ko'ina, muka ga ɗaya ta fi shiru, muka ɗora bambancin a kan abin da ido ya fi gani. Ta abokin tana da hambaka, gaskiya ne, amma tana kuma da wayar mas a haɗe, kuma shaidar haka tana cikin littafina da rubutun hannuna: ta abokin na canzawa idan an taɓa tsirkiya, ta yaron ba ta canzawa. Wata 7 wannan layin yana nan ban san karanta shi ba. Dattijon ya riga mu ne don bai san sunan ko ɗaya daga cikin gitocin ba, ƙara kawai ya ji, ya bi ta da yatsa da mita.

Lamarin wuya na gaggawa ne kawai. A garin da iska ke tashi daga bushewar Fabrairu zuwa danshin Agusta, wuyan gita zai motsa sau biyu kowace shekara, ko ta jika nawa ce. Wutar leɓe kuwa ba ta gitar ba ce sam, tana cikin wayoyina tun kafin a sayo ta.

Inda muka saɓa da shi har yau shi ne cire hambakan. Ni a ganina da ya bar shi ya canza foliyum zuwa 500k, don mai aiki kan gurup yana buƙatar matsayi guda da ya tabbata shiru ne a kowane fili. Shi ya ce wannan matsayin yana da shi a na 4, can yake mayar da makunni da zarar waƙa ta ƙare, kuma kaifin naɗi ɗaya ne ke ratsa kalangu ya isa bayan fili. Na tsaya a bayan fili na saurara, kan kaifin dai yana da gaskiya. Fitila 2 ɗin kuma ina jin su daga inda nake zaune gaban mikisa, ko da ba wanda ya sake aikowa a tambaya.

Ya gama biyan jika 30 ɗina a Afrilu, da 5 na waya.